Wadda Ta Amsa Sunan Rosine

Khaula tana cikin matse tsumma a gindin matakala Rodrigue ya zo ya ɗauke bokitin daga gabanta, ko gaisuwa babu.

"Mama Khaula, bar wannan. Yau ba ku da aiki."

Ta miƙe tana dafe da ƙugu, ruwan jabel, bilicin da suke goge ƙasa da shi, na ɗiga daga yatsunta. Rodrigue shi ne shef ɗinsu. Shi Alhaji Goni ya ɗora a kan masu shara tun da kamfaninsa ya sami kwangilar tsabtace wannan ofishin gwamnati na Garwa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana isarsa ba da umarni. Yau ya sa farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, zufa ta riga ta jiƙa bayanta tun rana ba ta yi nisa ba.

"Ba mu da aiki? Yau fa Talata."

"Kontirol ce ta zo daga Yawunde, wata madam mai binciken gwamnati. Ba na son ta yi muku tambaya da Faransanci ku rikice. Za ku hau sama ku huta. In ta tafi zan zo in kira ku."

Khaula ta san da zancen. Mai gadi ya gaya mata cewa an gindaya sharuɗɗa ga duk mai kwangilar shara a ofisoshin gwamnati: ya ba ma'aikata safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci, ya ba su ranar hutu, ya kai su asibiti in sun ji ciwo a bakin aiki, kuma kada a kori mace don ta yi ciki. Wanda bai cika ba, a karɓe kwangilar. Ranar da ta ji, dariya kawai ta yi ta dubi hannayenta. Fatar ta yi fari-fari ta tsattsage, farcen babban yatsa ya daɗe da cirewa.

"Sama ina?" ta tambaya.

"Sito."

Ta ɗaga kai ta dubi saman matakalar. Tun kafin azumi ba mai hawa benen nan sai dole. A ƙarshen barandarsa akwai wani banɗaki marar taga, kusa da siton. Nan Rosine, abokiyar aikinta, ta shiga wata safiya don ta buɗe masai da ya toshe. Rodrigue ya ba ta wata jarka marar rubutu, ya ce asid ne, ta ƙara masa jabel don ya yi ƙarfi. Khaula ce ta same ta a durƙushe, idanunta jajir, tana jan numfashi kamar ana zare igiya daga ƙirjinta. Ita ta jawo ta waje. Rosine ta kwana biyu a asibiti ta cika, aka kai gawarta garinsu Tuboro. Kamfani ya ce dama tana da asma.

Daga nan akawuna suka kwashe teburansu suka koma ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce da tsakar rana yana jin ana jan tsumma a barandar. Wata ta rantse ta ga famfo ya buɗe kansa. Khaula, wadda sharar benen ta dawo kanta, ba ta taɓa ganin komai ba. Sai dai duk sanda ta isa ƙofar banɗakin nan takan ji bayan wuyanta ya yi sanyi, ko da Garwa na tafasa.

Su uku Rodrigue ya kora gaba. Ita, da Fati, matashiyar da ke wanke ofisoshin ƙasa, da Baba Shu'aibu, tsoho mai sharar harabar waje, wanda ke hawa matakala yana tsayawa yana hutawa. Da aka buɗe siton sai suka ga an riga su. An tara tsofaffin bokitai masu ɗinki, da tsummokara, da tsintsiyoyi da suka cinye, da jarkoki marasa rubutu an jibga su kan juna a kusurwa. Duk abin da ba a son baƙuwa ta gani an kawo shi nan.

Baba Shu'aibu ya yi murmushi da sauran haƙoransa. "To, ga mu mun cike kayan."

Rodrigue bai yi dariya ba. "Kada in ji motsi. Duk wanda ya ɓata wa Alhaji kwangila, kansa ya ɓata wa." Ya ja ƙofar ƙarfen. Suka ji ya zura sakata ta waje, sannan takunsa ya yi nisa.

"Adda, kulle mu fa ya yi," in ji Fati, wadda ta ɗauki Khaula kamar yayarta.

"Na ji."

Ɗakin ba shi da iska. Rufin kwano ne a samansu, silin ɗin ya ɓarme a gefe guda, zafi na saukowa kamar an kifa musu tukunya. Taga ɗaya ce, ƙarama, can sama, da gilashin da ba ya buɗuwa da sandunan ƙarfe. Khaula ta kifa bokiti ta hau ta leƙa. Bayan ginin take kallo, wajen ƙaramar ƙofar da ake fitar da shara. Wata farar bas ta tsaya a wurin. Mata na saukowa, da namiji ɗaya, kowa sanye da sabuwar koriyar riga, da takalmin roba mai sheƙi, da safar hannu ruwan ɗorawa har gwiwar hannu. A ƙirjin kowace riga an ɗinka wani rubutu da farin zare. Suka jeru shiru suka bi bango suka shige.

"Me kika gani?" Baba Shu'aibu ya tambaya.

"An kawo waɗansu, Baba. An sa musu kaya."

"Waɗansu wa?"

"Masu shara."

Fati ta zauna kan tarin tsumma ta jingina da bango, ta sassauta ɗaurin zanenta. Cikinta ya fara tasowa, ta daɗe tana ɗaure shi tamau don kada shef ya lura. Khaula kaɗai ta sani.

Sun jima a haka. Ba abin da ake ji sai ƙarar kwano yana miƙewa cikin rana. Can sai muryoyi suka fara fitowa daga ƙasa, daf da ƙafar Fati, har ta zabura ta janye. Khaula ta ture wani kwali ta gani. Rami ne a siminti, faɗinsa bai wuce bakin kofi ba, inda aka taɓa cire wani bututu. Siton yana saman ɗakin taro ne daidai. Ta kwanta rub da ciki ta sa ido. Ba ta ganin fuskoki, sai saman kawuna, da gefen dogon tebur, da hannun wata mace mai agogo yana riƙe da biro.

Matar tana magana da Faransancin mutanen kudu, mai sauri. Khaula ba ta yi boko ba, amma shekarun da ta yi tana goge ƙarƙashin teburan ma'aikata sun sa kunnenta ya kama da yawa.

"Khaula Oumar?"

Bakin Khaula ya buɗe da kansa zai amsa. Kafin sauti ya fito, wata murya daga ƙasa ta riga ta.

"Présente."

Murya ce mai laushi, ta macen da ta ƙoshi. Khaula ta ƙara matsa idonta a ramin. Ta ga saman wani ɗankwali shuɗi ya matso gaban tebur. Madam ta yi tambayoyi, muryar tana amsawa ba gargada. E, ana ba ta safar hannu. E, tana hutawa ran Lahadi. Tana zaune a unguwar Hausawa, a gidan da kakanta ya gina lokacin da ya zo fatauci daga Kano. Mijinta ya rasu. Babban ɗanta Taufiƙ yana aikin dutse a Figil, yakan zo gida da Sallah.

Khaula ta ɗago kai a hankali. A makon jiya Rodrigue ya tsaya kusa da ita yana ta jan ta da hira, yana tambayar yara da gida, har ta ce a ranta ashe yaron nan yana da kirki. Yanzu ga rayuwarta can ƙasa a bakin wata, tana fitowa sumul, ta fi yadda ita ke faɗinta daɗi.

"Adda, me suke cewa?"

"Ni ce nake magana," Khaula ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wai ina jin daɗin aiki."

Aka kira Fati, wata ta amsa. Aka kira Shu'aibu, wani ƙato ya amsa da murya kamar ganga. Tsohon ya yi dariya marar sauti har kafaɗunsa na rawa. "Allah Sarki. Ashe na warke."

Sannan madam ta kira wani suna.

"Rosine?"

Fati ta kama hannun Khaula.

"Présente."

Babu wanda ya motsa a cikin siton. Muryar Rosine ce. Ita ce da ɗan kaurinta, da yadda take jan ƙarshen kalma kamar mai tambaya. Muryar da ke cewa "Adda Khaula, jam na?", gaisuwar Fulatanci, kowace safiya a bakin famfo. Fati ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta. Baba Shu'aibu ya daina dariya.

Khaula ba ta so ta duba, amma ta mayar da idonta kan ramin. Wani kai ya matso gaban tebur, ɗaure da ɗankwali ja mai zanen kifaye. Ta san ɗankwalin. Ita ta saya wa Rosine shi a kasuwa lokacin Kirsimeti. A gefensa na hagu akwai wani farin tabo inda jabel ya taɓa fantsama. Tabon yana nan. Matar ta tsaya ta karkata kan ƙafa ɗaya, ta ɗora hannu a ƙugu, tsayuwar Rosine sak.

Madam ta tambaye ta ko ta taɓa jin ciwo a wurin aiki. Sai da Rodrigue ya yi gyaran murya kafin amsa ta fito.

"Non, madame," muryar ta ce.

Hannun mai agogo ya miƙo, suka gaisa.

Khaula ta ja da baya ta zauna. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Baba Shu'aibu. "Ni na taimaka aka sa akwatin gawarta a mota. Da hannuna."

"Ta dawo ne," Fati ta ce tana kuka a hankali. "Dama sun ce ba ta bar ginin nan ba."

"Yi shiru. Matacce ba ya dawowa."

"To wace ce?"

Khaula ta juya za ta koma kan ramin. Kuma a daidai lokacin ne hancinta ya kama warin.

Da farko ta ɗauka tunani ne ya kawo mata shi, don warin ranar nan ne, mai yaji, mai kama maƙogwaro, wanda ya daɗe bai bar mafarkinta ba. Sai Baba Shu'aibu ya yi tari. Ya sake yi. Idanun Fati suka kawo ruwa, ba irin na kuka ba.

Khaula ta tashi ta nufi kusurwar jarkokin tana toshe hanci da mayafi. Waɗanda suka jibga su sun yi gaggawa. Wata jarka marar murfi, da aka toshe bakinta da leda, ta kumbura don zafi ta karkace. Ledar ta narke. Ruwan cikinta na bin gefen jarkokin yana zuba cikin wani babban bokiti da ke can ƙasa, wanda aka kawo da sauran jabel a ciki. Bokitin na ƙuna a hankali, yana tsiyayar kumfa. Ta kai hannu za ta daidaita jarkar, numfashi ɗaya ta ja ta ji kamar ta haɗiyi garwashi. Ta koma baya tana tangaɗi. Bokitin yana ƙarƙashin tarin, ba yadda za a jawo shi sai an rushe komai a kansa.

"Ku tashi tsaye! Ku matso wajen taga. Fati, jiƙa mayafinki."

"Da me, Adda?"

Babu ruwa. Khaula ta ɗauki sandar tsumma ta hau bokiti ta doki gilashin. A bugu na biyu ya tarwatse ya zube bayan gini. Iska mai zafi ta shigo, 'yar kaɗan, ba ta isa ba. Baba Shu'aibu ya riga ya zame jikin bango, yana jan numfashi da wannan ƙarar da Khaula ta taɓa ji sau ɗaya, ta roƙi Allah kada ta sake ji.

Ta nufi ƙofa ta ɗaga sandar. Fati ta riƙe ta.

"Adda, don Allah! Zai kore mu. Maigidana ba ya aiki tun da babur ɗinsa ya lalace. In aka kore ni ina za ni da wannan cikin?"

"In kika zauna a nan, ke da cikin ba inda za ku."

"Ƙila yanzu su gama. Mu ɗan jure."

Khaula ta dube ta. Ita ma tana da bakunan da ke jiran tuwo a gida, kuma ta san mata nawa ke tsaye a ƙofar Alhaji Goni kullum suna neman wannan tsumman da take riƙe da shi. Sandar ta yi nauyi a hannunta. Sai tsohon ya yi wani tari da ya naɗe shi biyu, hularsa ta faɗi.

Ta fizge hannunta ta maka wa ƙofar ƙarfen sanda.

Ƙarar ta bi barandar da babu kowa, ta sauka matakala, ta dawo. Ta sake bugawa, ta sake. Ta tsaya ta saurara. Muryoyin ƙasa sun ɗauke ɗif. Ta jira ta ji takun mai zuwa. Babu. Sai muryar Rodrigue ta ramin, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, yana gaya wa madam wai bututun ruwa ne, haka yake yi in rana ta yi zafi.

Nan Khaula ta gane. Duk ma'aikacin da ke ginin nan ya ji bugun, kuma duk ya san daga inda yake fitowa. Ba wanda zai hau. Kowa yana zaune a kujerarsa yana addu'a, yana cewa ga Rosine nan ta fara da rana tsaka.

Ta cika ƙirjinta da iskar taga, ta durƙusa, ta kafa bakinta a ramin. Warin ya fi ƙarfi a ƙasa. Muryar da ta fito daga maƙogwaronta ba ta gane ta ba, ta dushe ta kakkarye.

"Ouvrez! Ku buɗe! Muna mutuwa!"

Tari ya sarƙe ta, ya bi ramin ya sauka.

Abin da ya biyo baya ta ji shi ne kawai. Wata mace ta ƙwalla ƙara. Kujeru suka kife. Takalman roba suka yi ta ƙara a kan siminti, ana ture juna a bakin ƙofa, wani na kiran Yesu, wata na salati. Murya daga silin, da tari, da warin da ya fara bin ramin yana sauka musu, ba wanda ya tsaya neman bayani. Duk gudun waje ake yi. Khaula ta ja jiki ta koma wajen ƙofa. Idanunta sun rufe da hawaye, ba ta ganin komai sai inuwa. Fati ta tallafo kan Baba Shu'aibu tana kiran sunansa.

Sai ta ji taku. Mutum ɗaya ne, yana hawowa. Bai yi gudu ba, bai kuma tsaya ba. Ya bi barandar, takalmin na cewa ƙyaf, ƙyaf, har ya zo daidai ƙofar banɗakin ya tsaya. Wata murya ta yi magana a hankali cikin wani yare da Khaula ba ta ji, irin wanda Rosine ke yi in tana waya da gida. Kamar kira ne.

Khaula ta daki ƙofar da tafin hannu. "Nan! Nan ne!"

Sakata ta yi ƙara. Ƙofar ta buɗe, haske ya faɗo ciki. A tsakiyar hasken mace ce tsaye, da jan ɗankwali mai kifaye, da koriyar riga. Khaula ba ta iya karatu ba, amma ta san siffar sunan da ke ƙirjin, ta sha ganinsa a jikin kofin Rosine. Fati ta yi ƙara ta rufe fuska.

Matar ta leƙa cikin siton. Ta ja numfashi ta shigo ta kama ƙafafun tsohon, Khaula ta kama kafaɗunsa, suka fito da shi baranda, Fati na biye da rarrafe. Matar ta ja ƙofar ta rufe, ta ruga ta buɗe tagogin barandar, ta kwance ɗankwalinta ta jiƙa a famfo ta shafa wa Baba Shu'aibu a fuska. Da kanta ya fito fili, kuma idanun Khaula suka ɗan washe, sai ta ga bambancin. Wannan ta fi ƙuruciya. Ba ta da tabon da ke goshin Rosine.

"Wace ce ke?" Khaula ta tambaya da Fulatanci, muryarta na fita da ƙyar.

"Larissa. Ƙanwarta ce ni." Ta dubi hannayen Khaula, ta daɗe tana dubansu. "Ke ce Adda Khaula. Ta sha ba ni labarinki."

"Me ya kawo ki cikin wannan?"

"Shef ya aiko har Tuboro. Ya ce ba a cire sunanta daga takardar ma'aikata ba tukuna, in na zo na amsa yau, aikinta ya zama nawa. Ta bar yara biyu a hannuna." Ta juya ta kalli ƙofar banɗakin. "Da na ji bugun, kowa ya gudu. Ni na ce in ita ce, ai ba za ta yi mini komai ba. Na zo ne in ji me take so."

Daga ƙasa aka fara jin hayaniya na matsowa, muryar madam a sama da ta kowa, tana tambaya da faɗa. Larissa ta zabura.

"Na yi wa gwamnati ƙarya, Adda. Na gaisa da ita da sunan matacciya. Za su kama ni."

Khaula ta nuna mata ƙarshen barandar da haɓa. "Akwai ƙaramar matakala can, tana fita wajen shara. Cire rigar. Ki tambayi gidan Oumar mai goro a unguwar Hausawa, ki jira ni."

Larissa ta tuɓe rigar da safar hannun. Ta tsaya da su a hannu kamar ba ta san inda za ta ajiye ba, sannan ta rataye rigar a marikin ƙofar banɗakin. Ta ɗauki jiƙaƙƙen ɗankwalinta ta ɓace.

Madam ce ta fara isowa, doguwa, da tabarau, ta toshe hanci da hankici. Rodrigue na bayanta, farar rigarsa ta manne a jikinsa. Can baya, a tsakiyar matakala, mai gadi da 'yan akawuna sun tsaya suna leƙe, ba wanda ya yarda ya taka barandar. A cikinsu Khaula ta hangi mai shuɗin ɗankwali, wadda ta amsa sunanta ɗazu, wata mai jiki da ta taɓa gani tana sayar da atamfa a babbar kasuwa. Idanunsu suka haɗu. Matar ta sa hannu ta rufe rubutun ƙirjinta.

Madam ta dubi tsohon da ke kwance, ta dubi Fati da cikinta da ya fito fili, zanen ya kwance. Ta buɗe siton kaɗan ta mayar da sauri tana tari. Ta daka wa mai gadi tsawa ya kira mota a kai tsohon asibiti, shi da mai cikin. Sai da ta maimaita kafin mutane biyu suka yi ƙarfin hali suka hau suka ɗauke shi. Yana numfashi. Da suka wuce da shi ya ɗaga yatsa ɗaya wajen Khaula.

"Su wane ne waɗannan?" madam ta tambayi Rodrigue.

"Masu… masu taimako ne, madam. Na wucin gadi. Ban san yadda aka yi suka shiga ba."

Madam ta juyo wajen Khaula, ta rage saurin maganarta. "Sunanki?"

"Khaula Oumar."

Madam ta maimaita sunan a hankali. Ta waiwaya matakala, amma mai shuɗin ɗankwali ta riga ta sulale. Ta cire tabaranta ta goge ta mayar.

"Wadda ta hau ta buɗe muku fa? Na gan ta ta nufo nan ita kaɗai. Rosine. Ina take?"

Rodrigue ya kafe Khaula da ido. Ba barazana a ciki yanzu, roƙo ne tsagwaronsa. Leɓunansa suka motsa ba sauti: Mama. Khaula ta dafa bango ta miƙe tsaye. Ta tattaro ɗan Faransancinta, ta jera shi kalma bayan kalma don kada ko ɗaya ta faɗi.

"Rosine ta mutu, madam. Tun kafin azumi. A nan ta faɗi, bayan wannan ƙofar. Warin da kika ji yanzu, shi ya kashe ta. Ni na jawo ta waje."

Madam ta bi yatsan Khaula da kallo. Koriyar rigar na rataye a marikin ƙofar, sabuwa fil, sunan a fili, iskar da ke shigowa ta tagogi tana ɗan kaɗa hannayenta. A matakala wani akawu ya yi alamar gicciye ya juya ya sauka.

"To da wa na yi magana?" Muryar madam ta yi ƙasa sosai. "Na riƙe hannunta."

Khaula ta san amsar, ta kuma san cewa a wannan lokacin yarinyar ba ta wuce bakin titi ba tukuna. Ta goge idanunta da gefen mayafi.

"Ni a kulle nake, madam. Ki tambayi wanda ya kawo ta."

Madam ta juya a hankali ta fuskanci Rodrigue. Ya kawar da kai gefe. Ita kuwa tana jiransa, tana goga tafin hannunta na dama a jikin siket ɗinta, ba ta ma san tana yi ba.